Injin leza mai wat 10 a kan tebur: ya yi mini aiki, amma ba shi kaɗai ake saye ba

Idan sana'ar hannu kake yi don sha'awa, kana son ka riƙa zana suna ko hoto a jikin katako da fata, kuma kuɗin hannunka ba su da yawa, injin leza mai diyod na wat 10 ya ishe ka. Inji ne da ke ƙona zane ko ya yanka abu da tsinin haske mai ƙarfi, diyod kuma shi ne ɗan ƙwan lantarki da ke fitar da hasken. Irinsa ne a kan teburina: buɗaɗɗe ne ba shi da murfi, firam ɗinsa na almini ne, filin aikinsa kuma kusan milimita 400 ta kowane gefe. Na gamsu da shi ƙwarai, kuma da za a ce in sake zaɓe, irinsa zan sake ɗauka. Sai dai akwai abin da hotunan talla ba sa nunawa. Abin da ke zuwa cikin kwalin nan rabin kayan aiki ne kawai. Sauran rabin kai za ka haɗa da kanka, kuma ya kamata ka sa shi cikin lissafi tun kafin ka biya kuɗin injin.

Ayyukana ba manya ba ne. Maƙalan makulli na katako, allunan suna da ake mannawa a ƙofar ɗaki, ƙananan akwatuna masu haƙora da ke shiga juna ba tare da ƙusa ba, sai walat na fata da nake zana wa harufan sunan mai shi. A da da ƙarfe mai zafi nake ƙona zane da hannu, kuma har yanzu ina son wannan aikin, amma hannu ba zai fitar maka da abu goma iri ɗaya sak ba. Injin nan yana fitarwa.

Kamfanonin da ke ƙera irinsa suna da yawa, yawancinsu a ƙasar Sin suke: Ortur, Sculpfun, Atomstack, Two Trees, Creality da jerinsa na Falcon, sai xTool da ya ɗan fi su tsada. Idan ka jera su ka duba da kyau, gininsu kusan ɗaya ne. Sanduna ne na almini, da ƙananan injunan juyi masu jan bel, da kan leza mai kai-komo a kan sandar tsakiya. Shi ya sa ban ga dalilin da mutum zai ɓata makonni yana auna sunan wannan da na wancan ba. Abin aunawa yana wani wuri dabam.

Na farko shi ne maganar wat, kuma a nan ne aka fi yi wa mai saye rufa-ido. Za ka ga an rubuta 40W ko 80W da manyan baƙaƙe a saman talla, ka ɗauka wani ƙaton inji ne. Lambobi biyu ne a maganar: akwai wutar da injin ke ja daga soket, akwai kuma ƙarfin hasken da ke fita daga bakin leza. Ta biyun ce ke ƙona katako, ita ce kuma ake ɓoyewa can ƙasa cikin ƙananan rubutu. Diyod guda mai shuɗin haske wat 5 ko 5.5 yake bayarwa. Masu wat 10 diyod biyu aka haɗa, aka tattara haskensu ya faɗi a ɗigo ɗaya. Masu wat 20 kuwa huɗu ne a ciki. Wasu masu talla kuma cewa suke yi ƙarfin nasu daidai yake da wani inji mai wat kaza, wanda kwatance ne kawai, ba awo ba. Ka gangara takardar bayani ka nemo layin da ke faɗin ƙarfin hasken da ke fita. Idan babu wannan layin, ka wuce wannan tallar.

Me ya sa na tsaya a kan 10? Mai wat 5 yana da ɗigo siriri sosai, kuma wanda hoto kawai zai riƙa zanawa zai ji daɗinsa. Amma da ka zo yanka sai ka ga gazawarsa, don sai ya yi ta zagaye layi ɗaya, kowane zagaye kuma yana ƙara ƙona gefen. Mai wat 20 yana yanka da sauri, sai dai kansa ya fi nauyi, ɗigonsa yakan fi faɗi, kuɗinsa kuma sun fara fita daga abin da za a kira araha. Nawa yana yanke filawud mai kaurin milimita 3 a zagaye ɗaya ko biyu, gwargwadon irin katakon. Mai milimita 5 ko 6 ma yana yankewa idan na yi haƙuri na ƙara zagaye. Ga mai yin ƙananan kaya, wannan ya wadatar.

Abu na biyu da ya kamata mai saye ya gane shi ne launin hasken, domin shi ke yanke hukuncin abin da injin zai iya da wanda ba zai iya ba. Hasken diyod shuɗi ne, tsawon zangonsa, wato awon da ke bambanta wani haske da wani, wajen nanomita 450 ne. Abin da ya sha wannan hasken shi ke ƙonewa. Abin da hasken ya ratsa, ko ya mayar da shi baya, ba abin da zai same shi. Katako yana sha, fata tana sha, kwali da baƙin akirilik, wato roba mai tauri da ake yin alluna da ita, ma haka. Akirilik mai haske garau kamar gilashi kuwa, ko wat nawa ka sa, hasken wucewa zai yi ya je ya ƙona abin da ke ƙarƙashi. Farin akirilik da shuɗi ma suna ba da wahala. Wannan aikin na leza mai iskar CO2 ne, wanda zangonsa nanomita 10,600 ne, kuma akirilik yana shan sa tas. Akwai mai araha a cikinsu, wanda aka fi sani da K40, amma yana buƙatar ruwan sanyaya bututunsa na gilashi, da saita madubai, filin aikinsa kuma wajen milimita 300 da 200 ne kawai. Sassaƙa zane mai zurfi a jikin tsuran ƙarfe kuma aikin leza mai faiba ne, mai nanomita 1064, kuma wannan wata kasuwa ce dabam.

Yana burge ni idan na tuna cewa wannan shuɗin haske da ke kan teburina jikan aikin Shuji Nakamura ne, wanda ya yi a kamfanin Nichia na Japan a shekarun 1990. Shi da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano ne suka sami lambar Nobel ta 2014 saboda shuɗiyar fitilar LED, kuma wannan binciken ne ya share fagen shuɗiyar leza mai diyod.

Ƙarfe ba a rufe ƙofarsa gaba ɗaya ba. Almini mai rufin launi yana karɓar zane da kyau, don hasken yana cire launin sai farin ƙasa ya fito. Kofin ƙarfe mai fenti ma haka. Ƙarfe mara tsatsa kuma, idan ka tafi a hankali da ƙarfi sosai, yana yin duhu a inda hasken ya bi, amma tabo ne a sama, ba rami ba. Gilashi sai ka shafa masa baƙin fenti tukuna, ka zana, sannan ka wanke.

Abin da ya fi ba ni sha'awa cikin duk abin da na gwada shi ne baƙin dutsen silet. Kan leza yana tafiya dama ya dawo hagu, kowane layi yana nesa da ɗan'uwansa da milimita 0.1, babu hayaƙi sosai, sai 'yar ƙura. A inda hasken ya taɓa, dutsen yana komawa fari-fari mai ruwan toka. Idan hoton fuska kake zanawa, da farko ba ka ganin komai sai ɗige-ɗige, can sai ka ga gira ta fito, sai ido, sai inuwar hanci, daga ƙasa zuwa sama ko daga sama zuwa ƙasa, yadda ka saita. Da yake zanen fari yake fita a kan baƙi, sai ka juya hoton a manhaja tukuna, farin ya koma baƙi, baƙin ya koma fari. Idan ya gama ka goge da tsumma mai danshi, zanen ba ya gogewa.

Haɗa injin bai da wuya, duk wanda ya iya ɗaure sukuru zai iya. Wurare biyu ne kawai ke son natsuwa. Firam ɗin ya tsaya daidai: ka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ka auna ɗaya ɓangaren, lambobin biyu su zo ɗaya kafin ka ƙara ɗaurewa. Sai bel da tayoyi. Bel ya ɗaure amma ba har ya riƙe injin ba, tayoyin kuma akwai notin da ake juyawa ya matso da su jikin sanda, har su daina girgiza amma suna gudu sumul. Bayan nan ka sa ya zana da'ira a jikin kwali. Idan ta fito a ɗan baje, ko bakinta bai haɗu ba, wani bel ne ya yi sako-sako. Ka kuma zaɓi injin da ke da 'yan maɓallan iyaka a kusurwa, waɗanda ke sa kan leza ya san inda gidansa yake duk lokacin da aka kunna. Da su za ka iya maimaita aiki a wuri ɗaya ba tare da laluben inda ka tsaya ba.

Yanzu ga rabin da ba ya cikin kwali, kuma a nan nake son mai karatu ya ba ni hankalinsa.

Famfon iska ne na farko. Ƙaramin famfo ne da tiyo, yana hura iska daidai inda hasken ke ci. Na ɗauki filawud ɗaya na yanka tauraro biyu, ɗaya da iska ɗaya babu, na ajiye su gefe da gefe. Wanda babu iska, gefensa baƙi ƙirin ne, idan ka shafa yatsa sai kunkunniya ta biyo ka, saman katakon kuma ya yi wani dabbare-dabbare mai ruwan ɗorawa, mai ɗan danƙo, inda hayaƙi ya kwanta. Wanda aka yi da iska, gefensa ruwan ƙasa ne mai tsabta, samansa fes, kuma ya faɗo da kansa ba tare da na tura ba. Iskar tana kore hayaƙin da ke tare haske, tana kashe 'yar wutar da ke tashi, tana kuma hana datti hawa gilashin bakin leza. Wajen zane nakan rage ta sosai, wajen yanka nake buɗe ta duka. Wasu injuna suna zuwa da nasu, kamar jerin S30 na Sculpfun da manhaja ke kunna famfon ta kashe da kanta. Idan kana auna injuna biyu, ɗaya da famfo ɗaya babu, ka haɗa kuɗin famfon a kan na biyun kafin ka ce wane ya fi araha.

Sai shimfiɗar ƙasa. Hasken da ya yanke katako ba ya tsayawa, zai ci teburinka. Ana shimfiɗa farantin ƙarfe, a ɗora masa raga mai ramuka irin na saƙar zuma, don hayaƙi ya sami hanyar fita ta ƙasa, bayan aikin kuma kada ya ƙone.

Maganar ido kuwa ba na wasa da ita, kuma ba na son kowa ya yi. Duk lezar da ta wuce miliwat 500 (rabin wat) tana rukuni na 4, wato mafi haɗari, wat 10 kuma ya ninka wannan iyakar sau 20. Ba sai ka leƙa bakin injin ba. Hasken da ya daki abu mai ƙyalli ya dawo ya isa ya lalata ido kafin ka ƙifta, kuma wannan lahanin ba ya gyaruwa. Tabarau ɗin da ake jefawa cikin kwali, idan babu rubutu a jikinsa, kada ka ba shi amanar idonka. Na ƙwarai yana ɗauke da abu biyu a rubuce: zangon hasken da yake tarewa, wanda dole ya haɗa da nanomita 445 zuwa 455, da lambar OD. OD 4 yana rage haske sau 10,000, wato wat 10 ya koma miliwat 1. OD 5 sau 100,000 yake ragewa, kuma ni da shi na fi natsuwa. Tabarau na leza mai CO2 ba lalle ya tare shuɗin haske ba, kada a haɗa su. Sannan ka tuna kai kaɗai ne mai tabarau. Yaron da ya turo ƙofa ya shigo ba shi da shi, kyanwar gida ma haka. Saboda haka murfi ya zama dole. Akwai na yadi mara kama wuta mai tagar kallo mai ruwan lemo, akwai wanda mutum ke ƙerawa da kansa. Mai hali kuma ya duba injunan da ke zuwa a rufe tun daga kamfani, irin su xTool S1 da ke rukuni na 1, wato mafi ƙarancin haɗari, wanda ke tsayawa da zarar an ɗaga murfi.

Murfin kuma shi ke ba ka damar sarrafa hayaƙi. Ka sa masa fanka mai zuƙa da tiyo mai faɗi, ka fitar da bakinsa waje ta taga. Buɗe taga kawai ba ya isa. Warin ƙonannen katako yana kama labule da tufafi, na fata ya fi shi muni nesa ba kusa ba, katakon MDF kuma, wanda ake yi da matsattsen garin itace, cike yake da gam wanda hayaƙinsa bai dace da huhu ba. Akwai abin da ko da fanka ba a sa shi ƙarƙashin leza, wato robar PVC. Idan ta ƙone tana fitar da iska mai guba mai sinadarin kulorin, wadda ke cutar da mutum tana kuma sa ƙarafan injin tsatsa. Abin lura shi ne da yawa daga fatar roba da ake yin jaka da kujera da ita PVC ce. Akwai gwaji mai sauƙi da ake yi a fili inda iska ke kaɗawa: ka gasa tsabtatacciyar wayar jan ƙarfe har ta yi ja, ka taɓa ta a jikin abin, ka mayar da ita cikin harshen wuta. Idan harshen ya koma kore, akwai kulorin, ka ajiye abin can. A fata ta gaske ma nakan nemi wadda aka jeme da ɓawon itace ko ganye, ba wadda aka jeme da sinadarin kuromiyam ba.

Gobara kuma, dokata ɗaya ce: muddin injin yana aiki, ina cikin ɗakin. Kwali da siririn katako suna kamawa nan take, musamman idan kan leza ya maƙale a wuri ɗaya haske bai mutu ba. Kwalbar fesa ruwa tana gefen hannuna, na'urar kashe gobara tana bakin ƙofa.

Wannan dokar tana da nauyi, domin aikin yana cin lokaci fiye da yadda bidiyon talla ke nunawa. Ka ɗauki hoto mai milimita 150 da 150. Idan tazarar layi 0.1 ce, layi 1,500 ke nan. A gudun milimita 6,000 a minti, wato 100 a daƙiƙa, kowane layi daƙiƙa ɗaya da rabi ne, jimla kusan minti 38, ban da lokacin da kan leza ke ɗauka ya rage gudu ya juyo. Babbar lambar gudun da ake rubutawa a talla kuwa ba ta da amfani sosai, don idan ya yi wannan gudun hasken ba ya samun lokacin ƙona komai.

A ɓangaren manhaja, tambaya ɗaya ce za ka yi: shin injin yana aiki da GRBL, wato manhajar da ke cikin injin kansa mai karɓar umarni daga kwamfuta? Idan amsar e ce, ba ka ɗaure da manhajar kamfani ba. LaserGRBL kyauta ce, a kan Windows take aiki, kuma ta isa mai farawa. LightBurn ta kuɗi ce amma tana ba da kwana 30 na gwaji, tana aiki a Windows da Mac, kuma ita nake amfani da ita, domin a cikinta nake zane, in jera yanka da zane kashi-kashi, kowanne da gudunsa da ƙarfinsa. Tana da wani jadawalin gwaji da ke zana ƙananan murabba'ai a jere, gudu na canjawa ta gefe ɗaya, ƙarfi ta ɗayan. Duk sabon katako ko fata da na samu, da shi nake farawa a kan guntu, in zaɓi murabba'in da ya fi kyau, in rubuta lambobinsa a bayan guntun in ajiye. Abu biyu su zauna a ranka ranar farko. Lambar saitin ƙarfi ta cikin injin, wadda GRBL ke kira $30 (sunan saiti ne, ba kuɗi ba), galibi kuma 1000 ce, ta zo daidai da iyakar ƙarfi da ke cikin manhaja, in ba haka ba za ka sa kashi 100 injin ya ba ka ƙasa da haka. Sai ma'aunin gudu: masu diyod da milimita a minti suka fi lissafi, masu CO2 da milimita a daƙiƙa, bambancinsu kuma ninki 60 ne. Idan ka kwafi saitin wani, ka duba da wanne ya rubuta.

Akwai ranar da za ka ga injin da jiya ya yanke filawud yau ya kasa. Kafin ka zarge shi, duba abu uku. Tsayin kan leza daga aikin, wanda ake saitawa da ɗan guntun ƙarfe ko hannun awo da ke zuwa da injin, milimita ɗaya ya kauce ɗigon ya baje. Sai gilashin baki, wanda hayaƙi ke dusashewa, kuma auduga da ɗan sifirit mai tsabta ke gyara shi. Na ukun shi ne katakon kansa. Filawud da aka yi don waje yana da baƙin gam tsakanin fallayensa wanda leza ba ta cinsa da sauƙi, wani kuma akwai gaɓa ko rami a cikinsa da ba a gani daga sama. Mai farin gam da katako mai laushi shi ya fi yankuwa.

Ban cika sa ƙarfi ya kai kashi 100 ba, nakan tsaya wajen 80 zuwa 90, domin zafi ne ke gajarta rayuwar diyod. Kafin ka biya ma, ka bincika ko ana sayar da kan leza da gilashin bakinsa dabam. Su ne ke fara gajiya, kuma injin da ake iya canja masa kai zai daɗe a hannunka, har ma ka iya ɗora masa mai ƙarfi nan gaba a kan firam ɗin da kake da shi.

Wanda babban burinsa yanka akirilik mai haske ne, kada ya sayi wannan, ya ƙara tara kuɗi ya nemi mai CO2. Wanda kuma ɗakin aikinsa ba shi da tagar da za a fitar da tiyon hayaƙi, ya dakata da saye har sai ya sami wurin da ke da ita, ko ya sa kuɗin na'urar tace hayaƙi mai gawayi a cikin lissafinsa, tare da sanin cewa matatar ma canja ta ake yi lokaci-lokaci.